Masu Awon Ƙurar Hunturu da Littafin Disfensare

Ga hunturu ya kama. Leɓe ya soma tsagewa, ƙafa ta soma faso, da safe kuwa rana ta kan fito fari fat kamar wata. A wannan lokaci ne layin disfensare ya ke yin tsawo: ga mai tari, ga mai mura, ga mai haɓo, ga mai ciwon ido, ga kuma tsoho mai fuka wanda ya kwana a zaune. Bayan su, in zafi ya fara shigowa, sai wanda mu ke tsoro duka, watau sanƙarau. Yau zan yi muku magana a kan ƙurar nan da mu ke shaƙa, da mutanen da aikinsu ke nan su auna ta, da kuma dalilin da ya sa awonsu ba ya cika sai an gama shi da littafin nan da malamin disfensare ya ke rubuta sunanku a ciki.

Da yawa cikinmu suna tsammani hazo ƙurar gonakinmu ce iska ta tayar. Akwai wannan, amma kashi mai yawa baƙuwa ce. A arewacin ƙasar Chadi, wajen garin Faya, akwai wani kwari mai faɗi da a ke kira Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce wurin nan yana ƙarƙashin ruwa, gama Tafkin Chadi na wancan zamani ya ninka na yau sau da yawa. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alli, asalinta kuwa ɓawon waɗansu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka kwanta a gindin tafkin. A arewa da kwarin akwai duwatsun Tibesti, a gabas kuma na Ennedi. Iskar hunturu ta kan matse tsakaninsu kamar ruwa a wuyan mazurari, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasar nan ta yi sama da ita. A kan yi haka kamar kwana 100 a shekara. Daga can zuwa Kano ya fi kilomita 1,000, amma cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso. Wadda ta fi laushi ba ta tsayawa wurinmu. Ta kan wuce Ikko, ta ƙetare teku, har wata ta sauka a kurmin Amurka ta Kudu.

Ku riƙe wannan kwana ɗaya ko biyun, za mu komo gare shi. Baƙon da ya ke kwana a hanya, ana iya aiko da labarinsa kafin ya yi sallama.

To, me ƙurar ta ke yi a jiki? Mutum babba ya kan shaƙi iska fiye da lita 10,000 tsakanin yini da kwana, watau cikin duro hamsin irin na tara ruwa. Duk abin da ke yawo cikin wannan iska sai ya bi ta hancinsa. Ƙura mai kaushi, gashin hanci da majina su kan tare ta, shi ya sa in ka fyace hanci da hunturu ka ke ganin ƙasa-ƙasa. Wadda ta fi damun likitoci ita ce wadda ido ba ya gani. Masu awo suna da wani ɗan ma'auni da su ke kira maikiromita, watau a raba mita ɗaya gida miliyan a ɗauki ɗaya. Kaurin gashin kai guda ya kan kai 50 zuwa 70 a wannan ma'auni. Ƙurar da ba ta wuce 10 ba suna kiranta PM10, ita ce ta ke wuce hanci ta gangara maƙogwaro da ƙirji. Wadda ba ta wuce 2 da rabi ba kuwa, PM2.5 ke nan, sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin gashi guda. Ita ta kan shige can ƙuryar huhu inda iska ta ke saduwa da jini, tari kuwa ba ya fid da ita duka.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sāke ƙa'idarta. Ta ce a ɗauki akwatin iska mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. In an daidaita awon yini da kwana, kada nauyin PM10 a cikinsa ya wuce maikirogiram 45, na PM2.5 kuma kada ya wuce 15. Ba sai kun haddace sunan ma'aunin ba. Ku dai riƙe 45, don nan gaba za ku ji abin da aka samu a ƙasarmu.

Masu awon iska iri biyu ne, da can kuwa ko wannensu yana harkar gabansa.

Na fari su ne ma'aikatan hukuma masu lura da ƙazantar iska. Su na'urarsu a ƙasa ta ke, daidai inda mutane su ke numfashi. Tana zuƙar iska ta wani bututu, ƙurar ta maƙale a jikin wata 'yar takarda mai kamar rariya, a auna nauyinta. Wannan aiki ya yi ƙarfi ne bayan wata masifa da ta auku a birnin Landan. Daga ran 5 zuwa ran 9 ga Disamba 1952 iska ta tsaya cik, sanyi ya yi tsanani, kowa ya zuba kwal a murhu, hayaƙin ya gamu da hazo ya rufe birnin ruf. Da fari an ƙidaya mutum wajen 4,000 da suka mutu, binciken da aka yi daga baya ya kai lissafin kusan 12,000. Ba wanda ya ga hayaƙi ya shaƙe mutum a titi. A gida da asibiti suka yi ta mutuwa ɗaya-ɗaya, kamar yadda a ke mutuwa kullum. Abin da ya tona asirin shi ne da aka ajiye lissafin masu awon hayaƙi kusa da littafin masu rubuta mutuwa, aka ga sun hau tare. A 1956 aka kafa dokar tsabtace iska a ƙasar.

Amma irin wannan na'ura tana da tsada, tana son lantarki ba yankewa, tana son mai gyara a kusa. Saboda haka a Afirka kaɗan ce ƙwarai, 'yan da ke akwai ma yawanci a manyan birane su ke. Ita kuma iskar unguwarta kaɗai ta sani. Mai ɗanɗana miya ya san gishirin tukunyar da ya sa wa cokali, bai san na gidan maƙwabci ba.

Na biyu su ne masanan jami'a masu binciken sararin sama. Su da fari ba lafiyar ƙirji ce ta dame su ba. So su ke su san yadda ƙura da hayaƙi su ke tare hasken rana, da yadda su ke taɓa girgije da ruwan sama. Na'urarsu 'yar ƙarama ce, kamar bututu biyu a kan ƙafa, tana aiki da hasken rana. Ita da kanta ta ke juyawa ta nemi rana, ta dube ta kamar ko wane minti goma sha biyar, ta auna yawan hasken da ya ɓace a hanya. In hasken ya ragu da yawa, to, akwai ƙura da yawa tsakaninta da rana. In ta ji yayyafi sai ta sunkuyar da kai ƙasa don kada ruwa ya shiga idonta. Tun 1993 hukumar NASA ta Amurka da masanan Faransa suka soma haɗa irin waɗannan na'urori wuri ɗaya a ƙarƙashin suna AERONET, har suka zama ɗaruruwa ko'ina a duniya. Dukansu iri ɗaya ne, lokaci-lokaci a kan kwance ko wace a kai ta a gwada da uwar ma'auni, wadda ita kuma a ke daidaita ta a kan dutse mai tsawo inda iska ta ke garau, kamar Mauna Loa a tsibirin Hawai. Kamar dai yadda sarkin kasuwa ya ke gwada mudun kowa da nasa. Don haka awon Nijar da na Indiya ana iya ajiye su gefe da gefe. Da wannan awo ne kuma a ke duba gaskiyar abin da tauraron ɗan'adam ya ke gani daga sama, shi da ya ke ganin ƙasa duka a lokaci guda.

Sai dai su ma da tasu makantar. In girgije ya rufe rana ba su da awo. Babbar matsalar kuwa ita ce, suna faɗin jimlar ƙura daga ƙasa har ƙololuwar sama, ba su faɗin inda ta ke. Kamar mai leƙa rijiya ne ya ga ruwan ba ya nuna gindi. Ya san akwai laka, amma bai sani ba ko a sama ta ke inda guga ya ke ɗiba, ko can ƙasa ta kwanta. Mu kuwa ma'aikatan lafiya ba ruwanmu da ƙurar da ke tafiya tare da shaho. Wadda ta ke daidai hancin yaro ita ce tamu.

Kun ga ke nan, ɗaya yana gani kusa ba ya gani nesa, ɗaya yana gani nesa ba ya rarrabe sama da ƙasa. Maganin abin shi ne a dasa na'urorin biyu a fili ɗaya, su auni iska ɗaya a sa'a ɗaya. An kuwa yi haka a ƙasarmu ta Sahel. Akwai wani ƙauye, Banizumbu, kamar kilomita 60 gabas da Yamai a Nijar. Tun 1995 aka kafa mai duban rana a can. A 2006, cikin wani babban bincike na damunar Afirka ta Yamma da a ke kira AMMA, aka ƙara masa na'urar awon ƙura ta ƙasa, aka kuma yi irin wannan a Cinzana ta Mali da Mbur ta Senegal. Tashoshi uku ke nan a jere, gabas zuwa yamma, a kan hanyar da ƙura ta ke bi. Na'urar ƙasan tana da ban sha'awa. A cikinta akwai ɗan siririn bututun gilas mai karkarwa, da 'yar rariya a kansa. Duk sa'ad da ƙura ta taru a rariyar sai karkarwar ta rage sauri, kamar karan dawa da tsuntsaye suka sauka a kansa. Daga ragin saurin a ke gane nauyin ƙurar, ko wane minti biyar.

Ga abin da aka samu. Da rani a Banizumbu awon yini ya kan wuce 100 sau da yawa, ran da hazo ya yi kauri kuwa ya kan haura 1,000. Ku tuna da 45 ɗin nan. Ƙauye ne fa, ba masana'anta, ba cunkoson mota.

Abu na biyu da aka gane shi ya fi amfani. Da hunturu, wajen Janairu da Fabrairu, ƙura a ƙasa-ƙasa ta ke tafiya, ba ta cika wuce kilomita ɗaya ko biyu a sama ba. In bazara ta yi nisa, damina ta gabato, zafin ƙasa ya kan ɗaga ta har kilomita biyar. Saboda haka mai duban rana yana iya ba da lamba ɗaya a Janairu da kuma Yuni, alhali abin da ya shiga ƙirjin mutane ya bambanta ƙwarai. A farkon 2006 ma wani jirgin sama na masanan Ingila ya yi ta tashi daga Yamai yana ratsa hazon, ya tarar da shi hawa-hawa: ƙura a ƙasa, hayaƙin ƙunar daji a bisanta. Haka kuma iskar nan mai ƙarfi da ta ke zuwa gaban hadari a farkon damina, ita ta ke ta da ƙura mafi kauri duka, amma na ɗan lokaci, sau da yawa da dare ko a ƙarƙashin girgije, inda mai duban rana ba ya ganin kome. Da ba a gama na'urorin biyu ba, da ba a san wannan da kyau ba. Yanzu da aka sani, ana iya ɗaukar abin da tauraro ya gani a bisa garin da ba shi da na'ura ko ɗaya, a gyara lissafin bisa ga watan da a ke ciki, a kintaci abin da mutanen garin su ke shaƙa.

A Nijeriya an kafa mai duban rana a Jami'ar Ilorin tun 1998. Daga baya wata ƙungiyar masana mai suna SPARTAN ta kawo tata na'urar ƙasa wurin. Ƙa'idar wannan ƙungiya ita ce ta kafa na'urarta kusa da mai duban rana, a wurin da jama'a su ke zaune. Su har rariyar su ke aikawa ɗakin bincike, a auna, a rarrabe nawa ne ƙasa, nawa ne baƙin hayaƙi. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, gama ƙurar Bodele ba mai iya hana ta tashi, amma hayaƙin bola da na tsohuwar mota da na ƙunar daji, hannun mutum ne.

Turawa ma sai da suka bi ta wannan hanya. Da kifi ya yi ta ƙarewa a tafkunan Suwidin da Nowe, aka gane hayaƙin kwal na waɗansu ƙasashe ne iska ta ke kawowa ya sauko cikin ruwan sama. A 1979 suka ƙulla yarjejeniya a Janeba, gwamnatoci suka riƙa awo iri ɗaya a ƙarƙashin wani shiri mai suna EMEP. Masanan jami'a kuma suna da tasu ƙungiya, ACTRIS, mai na'urori masu zurfin bincike. A tashoshi da dama su biyun suna aiki a fili ɗaya, suna zuba awonsu a rumbu ɗaya a Nowe. Da sanyin 2017 zuwa 2018 sun yi awo tare don su rarrabe baƙin hayaƙin itace da na man mota.

To, duk wannan awon iska ne. Bai faɗi ko mutum ɗaya ya kwanta ba. Mai faɗin wannan shi ne na uku, shi ne kuwa littafin disfensare.

Ku ɗauki sanƙarau. Ƙwayar cuta ce ta ke kawo shi, tana zama a maƙogwaro, tana bin tari da atishawa da kwana a cunkushe. Wajen mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita lafiyarsa ƙalau, bai ma sani ba. Ciwo ya kan tashi ne sa'ad da ta ƙetare fatar maƙogwaro ta shiga jini, ta kai ga rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, shi ya fara zana iyakar yankin da annobar ta fi yawa, a 1963. Yau a kan lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal har Habasha, mu kuwa muna tsakiya. Manya cikinku ba su manta da 1996 ba. A shekarar nan fiye da mutum 250,000 suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka mutu. A Nijeriya kaɗai an rubuta fiye da 100,000, waɗanda suka rasu sun haura 11,000.

Tun kakanni an san ciwon da rani ya ke zuwa, ruwan fari ya kore shi. Abin da ba a iya yi ba a da shi ne a sa masa lamba. A 2013 waɗansu masana suka buga sakamakon wani bincike. Sun ɗauki lissafin masu sanƙarau na mako-mako daga gundumomin Nijar, na shekaru da yawa, suka ajiye kusa da awon ƙura da na zafi da na laimar iska. Sai suka ga ƙura ita ta ke fara hawa, bayan mako ɗaya zuwa biyu sai masu ciwo su biyo. Wannan kuwa ya yi daidai da kwanakin da ƙwayar ta ke yi a jiki kafin ta nuna kanta, watau biyu zuwa goma. Masana suna ganin busasshiyar iska da ƙura suna ƙuje fatar hanci da maƙogwaro ne, su buɗe wa ƙwayar ƙofa. Kada wani ya tashi daga gindin rediyo ya ce na ce ƙura ce sanƙarau. Ko wace shekara ana hazo, ba ko wace shekara a ke annoba ba. Sai ƙwayar tana nan, sai kuma an sami mutane da yawa da ba su da rigakafi.

Ku lura da inda lissafin nan na Nijar ya fito. Ba daga tauraro ba ne. Malaman asibitin ƙauye ne suka rubuta shi da biro, mutum ɗaya-ɗaya, mako bayan mako. Mu ma haka mu ke yi. Ko wane mako a kan tattara abin da ke littafi a aika ƙaramar hukuma, daga nan jiha, daga nan Abuja. Akwai kuma iyaka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. A gundumar da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in an sami masu alamar sanƙarau 3 cikin ko wane 100,000 a mako ɗaya, sai a shiga shiri, a bincika, a tanadi magani. In sun kai 10, annoba ke nan, sai a nemi allurar rigakafi ta gayya. Inda mutane ba su kai 30,000 ba, mutum 2 a mako ɗaya sun isa a shiga shiri, 5 kuma annoba ne.

Kun ji ƙanƙantar lambar? Mutum biyu. Ashe yaro ɗaya da aka ɓoye a ɗaki ana masa turare da tsime, ba ransa kaɗai aka sa a hatsari ba, an jinkirta wa gunduma duka allura. Ni ban hana kowa addu'a ba, amma a yi ta a kan hanya. Wannan ciwo yana iya kashewa cikin kwana ɗaya. Cikin mutum shida a kan rasa ɗaya, cikin biyar da suka tashi kuma ɗaya ya kan tashi da kurunta ko wata naƙasa, jinkiri kuwa shi ya ke ƙara lambar. In zazzaɓi ya zo farat ɗaya da ciwon kai mai tsanani, wuya ya ƙage, da amai, ko mutum ya ƙi haske, ko ya fara sambatu, a ɗauko shi nan da nan, ko da tsakar dare ne. Jariri ba ya cika ƙagewar wuya ba. Shi maɗigarsa ce ta kan kumbura, ya ƙi nono, ya yi laƙwas ko ya yi ta kuka mai ƙara, ko ya yi jijjiga.

In kun zo, ku faɗi sunan ainihin ƙauyen da mai ciwo ya ke kwana, ko da ruga ce ko tunga. Mutane su kan ba da sunan garin kasuwa ko na mai masaukinsu, don suna ganin shi aka fi sani. Wannan ya kan sa a kai allura inda ba a bukata. Ku faɗi kuma ranar da ciwon ya fara, ba ranar da ya yi tsanani ba. In likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, kada ku gudu da yaro. 'Yan ɗigo ne, jiki yana mayar da su cikin sa'o'i kaɗan. Shanyewar da a ke ɗora wa allurar, ciwon ne ya ke jawo ta. Da ruwan nan a ke gane irin ƙwayar, in ba a san irinta ba kuwa ba a san allurar da za a aiko ba.

Gama ƙwayar iri-iri ce. A Disamba 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi a 2011. Ta karya irin da a ke kira A, wanda shi ya yi ɓarnar 1996. Amma a 2015 irin C ya tashi a Yamai, a 2017 kuma ya tashi a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, aka rubuta fiye da mutum 14,000, fiye da 1,100 suka rasu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari da ta yi amfani da sabuwar allura, Men5CV, mai tare iri biyar a lokaci guda. Saboda haka wanda ya ce an yi masa allura shekarun baya, ya zo da katinsa a duba wace ce. Uwaye kuma kada su tsallake allurar wata tara.

Bari mu koma ga kwana ɗaya ko biyun nan na hanya. A 2007 Hukumar Yanayi ta Duniya ta kafa shirin gargaɗi a kan guguwar ƙura. Cibiyar da ke lura da yankinmu tana Basalona a ƙasar Sifen. Tana fid da hasashen kwana uku, sa'an nan ta gwada shi da abin da masu duban rana suka auna, don a san inda ya yi daidai da inda ya kauce. A 2018 aka fara yi wa Burkina Faso taswira mai launi, lardi-lardi, daga kore zuwa ja, yadda ko wanda bai yi karatu ba zai gane. Cibiyar ACMAD da ke Yamai ta kan fid da takardar gargaɗin sanƙarau da rani, hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, ita ma ta kan yi shelar hazo da wuraren da ya kamata a yi hattara. Amma a ganina sarƙar ba ta kai ƙarshe ba tukuna. Matuƙin jirgin sama yana jin labarin hazo a kan kari, don in bai ji ba ba zai ga filin sauka ba. Uwar mai fuka a ƙauye kuwa sai ta buɗe ƙofa ta gan shi. Labarin da ke kwance a intanet da Turanci ko Faransanci bai iso ba. Kamata ya yi a karanta shi da Hausa bayan labarun yamma, a kuma aika wa mai disfensare ta waya, don ya duba kabad ɗin magani tun mako biyun nan ba su cika ba.

Kafin a kai ga haka, idonku ma ma'auni ne. In ka tsaya ƙofar gida ba ka hango itatuwan bakin gari da ka saba gani ba, ranar ba ta fitar tsoho da jariri da mai fuka ba ce. Mai fuka ya ajiye maganin shaƙarsa kusa, kada ya bari sai ya ƙare. A yayyafa ruwa kafin shara. A sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba, a shafa man kaɗe a leɓe. Amawali da gyale suna tare mai kaushin, kakanninmu ba su yi wauta ba da suka rufe baki, amma mai laushin tana ratsa su, sai takunkumi irin N95 wanda ya kama fuska sosai.

Akwai kuma iskar da tauraro ba ya gani, na'urar hukuma ma ba ta shiga wurin, watau ta cikin ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mutum wajen miliyan 3 da hayaƙin girki ya ke kashewa a duniya ko wace shekara, mata da ƙananan yara su suka fi shan wahalarsa. Da hunturu abin ya kan ninku, don an toshe taga, an shigo da murhu, ga goyo a baya yana shaƙa tare da uwa. A yi girki a waje ko inda hayaƙi ya ke da mafita, da busasshen itace, a ba wani ya riƙe jariri nesa da wuta. Kaskon gawayi kuwa kada a kwana da shi a ɗaki a rufe. Yana fid da wata iska marar wari marar launi, mutum ya yi barci ya zarce. A ɗumama ɗaki, a fid da kaskon waje, sa'an nan a kwanta.

Yaro mai tari, ku ɗaga rigarsa ku ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya sa'ad da ya ke kwance shiru. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, in ya kai 50, daga shekara ɗaya zuwa biyar kuma in ya kai 40, ko kuka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, ba mura ba ce, ciwon huhu ne, a kawo shi a ranar. Wanda ba shi da agogo, akwai shi a jikin wayar hannu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan ciwon ido na rani da wankin fuskar yara.